BABI NA BIYU: BINCIKEN DIGIRI NA UKU A KAN JINSI A ƘASAR ZAZZAU DA GURBIN SAMARU DA SABON GARI A CIKINSA

2.0 GABATARWA

A babin da ya gabata an bayyana manufar wannan nazari da farfajiyarsa da kuma hanyoyin da aka bi wajen tattara bayanai. Shi kuwa wannan babi zai waiwayi ayyukan magabata ne, musamman kundayen neman digiri na uku, wato digirin dakta, waɗanda suka shafi matsayin mace da namiji, da zaman aure da abin da ke wajen aure, da kuma yadda mutum yake ɗaukar kansa a cikin al'ummar Hausawa. An fi mayar da hankali ga ayyukan da aka yi a ƙasar Zazzau, ko waɗanda masu yin su suka zauna a Samaru, amma an leƙa Kano da Katsina a inda ya zama dole.

Dalilin fifita kundayen digiri na uku shi ne, su ne ake ɗaukar shekaru ana yi, mai yin su yakan zauna cikin mutane har ya ji harshensu, sannan daga jikinsu ne akasarin littattafai da maƙalun da ɗalibai ke dogaro da su suka fito. Saboda haka a kowane aiki za a duba wanda ya yi shi, da inda ya zauna, da ƙofar da aka buɗe masa da wadda aka rufe, domin waɗannan su ne suke iyakance abin da zai iya gani.

2.1 MATSALAR KALMOMI

Kalmar "jinsi" aro ce daga Larabci, kuma ma'anarta ta asali ita ce iri ko nau'i. Masu nazarin nahawu sun daɗe suna amfani da ita wajen rarrabe sunaye zuwa jinsin namiji da jinsin mace. To amma masana zaman jama'a suna bambanta abubuwa biyu waɗanda Bahaushe yake kira da wannan kalma guda. Na farko shi ne halittar jiki wadda aka haifi mutum da ita. Na biyu shi ne ayyuka da ɗabi'u da sutura da salon magana waɗanda al'umma ta ɗora wa mai wannan halitta. A wannan nazari za a kira na farko jinsin halitta, na biyu kuma jinsin al'ada.

Misali zai ƙara fito da bambancin. Dafa abinci a cikin gida aikin mace ne, amma gasa tsire da sayar da shayi a bakin tasha aikin maza ne, alhali duk wuta ake hurawa. Kaɗin auduga na mata ne, saƙar fari a masaƙa ta maza ce. Babu wani abu a halittar hannun namiji ko na mace da ya raba waɗannan ayyuka, al'ada ce ta raba su, kuma abin da al'ada ta raba tana iya sake masa fasali, kamar yadda za a gani a kan ɗinkin hannu a Birnin Zazzau.

A nan ya kamata a yi hattara da ɗauko ra'in da aka gina a kan wata al'umma a ɗora wa Hausawa kai tsaye. Ifi Amadiume, wadda aka haifa a Kaduna, ta yi digirinta na uku a Jami'ar Landan a kan garin Nnobi na ƙasar Ibo, kuma a littafinta na 1987 ta nuna cewa a can mace tana iya tsayawa a matsayin ɗa namiji ko a matsayin miji ta fuskar gado da riƙon gida. Ita kuma Oyeronke Oyewumi (1997) ta kafa hujja da cewa harshen Yarbanci ba ya rarrabe mace da namiji a wakilin suna, don haka girman shekaru ne ginshiƙin zaman Yarabawa na dauri. Wannan hujja ba za ta zauna a Hausa ba. Bahaushe ba zai iya yi wa mutum ɗaya magana ba sai ya zaɓi "kai" ko "ke", ba zai ba da labarinsa ba sai ya zaɓi "ya" ko "ta". A jam'i kuwa bambancin yakan ɓace. Wannan ne ya sa nazarin jinsi a Hausa ba ya rabuwa da nazarin harshe.

Har ila yau, akwai kalmomin da ke nuna matsayi: budurwa, amarya, uwargida, bazawara, karuwa. Idan aka lura za a ga duk an auna su ne da aure, ko kafinsa, ko cikinsa, ko bayansa, ko wajensa. Namiji ma yana da irin nasa, kamar tuzuru da gwauro, sai dai an fi saninsa da sana'arsa ko sarautarsa ko malantarsa.

2.2 SMITH DA BABA: MAFARIN BINCIKE A ƘASAR ZAZZAU

Duk wanda zai yi bitar wannan fage a Zazzau daga Michael G. Smith zai fara. Shi mutumin Jamaika ne, ɗalibin Daryll Forde a Jami'ar Landan, ya zo Lardin Zazzau a 1949 zuwa 1950 da kuɗin gwamnatin mulkin mallaka domin binciken tattalin arzikin jama'a, ya kuma sami digirinsa na uku a 1951. Daga wannan zama ne littafinsa a kan tattalin arzikin Hausawan Zazzau (1955) da kuma na tarihin mulkin Zazzau (1960) suka fito. Smith ne ya yaɗa rabon auren Hausawa gida uku a rubuce, wato auren kulle, da auren tsare, da auren jahilai, gwargwadon yadda mace take fita ko take noma. Har yau ɗalibai suna kwafar wannan rabo kamar wani karatun allo, ba tare da sun tambayi ko ya dace da matar da ke koyarwa a makarantar firamare a Samaru ba.

Matsalar da Smith ya ci karo da ita ita ce ta zaure. Baƙo namiji iyakarsa zaure, ba ya shiga cikin gida, don haka rabin jama'ar da ya zo nazari a kansu ba zai gan su ba. Matarsa Mary Smith ce ta koyi Hausa ta riƙa shiga wajen mata. A garin Giwa ta haɗu da wata tsohuwa mai suna Baba, wadda aka haifa wajen 1877 a ƙauyen Karo kusa da Zarewa, ta kuma rasu a 1951. Tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950 Baba ta ba ta labarin rayuwarta da Hausa, ita kuma tana rubutawa, aka buga fassarar Ingilishi a 1954 da sunan Baba of Karo.

Muhimmancin wannan littafi ba ya misaltuwa. A cikinsa mace ce da bakinta take bayanin harin bayi da zaman rinji, da zuwan Turawa, da ƙawance tsakanin mata, da zaman kishiyoyi, da bori, da riƙon 'ya'yan dangi. Baba ta yi aure huɗu, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ba ta zama abar tausayi a labarinta ba, domin ta riƙe 'ya'ya, ta kashe aure lokacin da ta ga dama, ana kuma neman shawararta. Wannan kaɗai ya isa ya rushe tunanin cewa macen Bahaushe ta dauri ba ta da ta cewa.

Sai dai akwai abin lura guda biyu. Na farko, mijin ne ya sami digiri, aikin matar kuwa an ɗauke shi a matsayin taimako ga nasa, ga shi kuma a yau littafin Baba ya fi yawancin rubuce-rubucen wancan zamani masu karatu. Na biyu, muryar Baba ta iso gare mu ne ta hannun baƙuwa wadda ta zaɓi tambayoyin, ta tsara babi-babi, ta kuma fassara. Ba a ce Mary Smith ta yi ƙari ba, amma mai nazari ya riƙa tunawa cewa tsohuwa tana hira ne da matar Bature a zamanin da Bature ke mulki, kuma akwai abin da ba a faɗa wa baƙo komai sabo.

2.3 SAMARU: MASU AUNA AMFANIN GONA DA MATAN CIKIN GIDA

An kafa tashar binciken aikin gona a Samaru tun 1922, ta kuma zama Cibiyar Binciken Aikin Gona a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello bayan an buɗe jami'ar a watan Oktoba na 1962. Abin mamaki shi ne, wani kaso mai tsoka na abin da aka sani game da sana'o'in matan karkarar Zazzau daga wannan cibiya ta noma ya fito, tun kafin masana zaman jama'a na jami'ar su shiga fagen sosai.

A tsakiyar shekarun 1960 David Norman ya jagoranci binciken tattalin arzikin manoma a ƙauyuka uku, wato Ɗan Mahawayi da Doka da Hanwa. Masu ƙidaya maza ne, waɗanda ake tambaya masu gida ne, abin da ake aunawa kuwa gona ce da kwanakin aiki da yawan amfanin da aka girbe. A irin wannan lissafi matar kulle ba ta fitowa, tun da ba ta zuwa gona. Emmy Simmons ce ta koma waɗannan ƙauyuka guda uku a 1970 zuwa 1971 domin auna abincin da ake ci a gidaje, sai ta tarar da cewa wani ɓangare na abincin saye ake yi daga maƙwabta, kuma masu yin sa matan aure ne a cikin ɗakunansu. A maƙalarta ta 1975 ta bayyana fura da ƙosai da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a matsayin masana'anta sukutum, mai jari da riba, wadda yara 'yan talla ke kai wa kasuwa. Kuɗin kuma na matar ne, ba ya shiga aljihun miji, da shi take yin biki da tara kayan ɗakin 'yarta. Polly Hill ta riga ta ga irin wannan a Batagarawa ta ƙasar Katsina, inda a 1969 ta kira shi ɓoyayyen ciniki. Aikin Simmons ba kundin digiri ba ne, amma kusan duk kundayen da suka biyo baya sun jingina da shi.

A daidai wannan lokaci Jerome Barkow ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Shikago (1970), inda ya kwatanta Hausawa Musulmi da Maguzawa a karkarar Jihar Arewa ta Tsakiya ta wancan zamani. Ra'ayinsa da aka fi ambata shi ne, Bamaguza tana fita amma tana shan wahalar noma, ita kuwa Musulma tana kulle amma ta huta da fartanya, ta sami lokacin yin sana'ar kanta. Wannan ra'ayi yana da ƙamshin gaskiya, amma ya auna 'yanci da ma'aunin kuɗi kawai, bai tambayi abin da mace ta rasa na ilimi da zuwa asibiti ba.

Amsar wannan tambaya daga asibitin koyarwa na jami'ar ta fito. Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 da aka yi a jere a asibitin Zariya daga 1976 zuwa 1979, aka buga sakamakon a 1985. Sun nuna cewa mace-macen masu haihuwa sun fi yawa nesa ba kusa ba a tsakanin matan da ba su yi awon ciki ba, waɗanda sai naƙuda ta gagara ake kawo su, da kuma 'yan mata masu ƙarancin shekaru. Harrison ya tsaya a kan cewa ilimin boko ga kowa shi ne babban magani. Haka kuma Tahzib (1983) ya duba masu yoyon fitsari 1,443 da aka gani a asibitin, ya tarar da doguwar naƙuda ce sanadin mafi yawansu, yankan gishiri kuma ya haddasa kashi 13 cikin ɗari. Waɗannan ayyukan likitoci ne, amma tambayar da suka tayar ta zaman jama'a ce: wa ke da ikon cewa a kai mace asibiti idan mai gida ba ya nan?

2.4 TARON 1982 DA SHIGOWAR 'YAN GIDA

Renée Pittin ta yi zaman bincike a birnin Katsina a farkon shekarun 1970, ta kuma gabatar da kundinta a Jami'ar Landan a 1979. Ta bi rayuwar mata ne kamar yadda ake bin tarihin aikin ma'aikaci, daga aure zuwa zawarci, wani lokaci zuwa gidan mata, sannan a koma aure. Abin da ta fito da shi shi ne, karuwanci a wancan lokaci ga mata da yawa mataki ne da ake shiga a fita, kuma gidan mata yana da tsari da shugabanci a hannun magajiya. Daga baya ta yi rubutu a kan yadda ƙidayar gwamnati take rubuta matar kulle a matsayin marar aikin yi, alhali ga abin da Simmons ta gano.

A 1982 aka yi wani taron ƙara wa juna sani a kan matan Nijeriya a Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru. Daga wannan taro ne ƙungiyar WIN ta samo asali, wadda aka tabbatar da kafuwarta a 1983. Ƙungiyar ta bambanta da ƙungiyoyin matan manya na lokacin ta hanyoyi biyu: tana karɓar maza a matsayin 'yan ƙungiya, sannan ta tsaya a kan cewa danniyar da ake yi wa mata ba ta rabuwa da danniyar da masu hali ke yi wa talakawa. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san Samaru ta shekarun 1980, lokacin da ra'ayin gurguzu ya yi ƙarfi a Tsangayar Fasaha da Nazarin Zaman Jama'a. An buga takardun taron a Landan a 1985, kuma cikin waɗanda suka tace su akwai Pittin da Ayesha Imam da Hauwa Mahdi.

Ayesha Imam ta koyar a Sashen Nazarin Zaman Jama'a na jami'ar, sannan ta yi digirinta na uku a Jami'ar Sussex ta Ingila a farkon shekarun 1990, a kan kulle a ƙasar Kano. A ganin wannan nazari, kundinta shi ne ya fi kowane canza yadda ake kallon kulle. Waɗanda suka gabace ta sun ɗauki kulle ko dai a matsayin kurkuku ko a matsayin hutu. Ita kuwa ta nuna shi a matsayin yarjejeniya wadda ake ja-in-ja a kanta: mace tana zama a gida ne bisa sharaɗin miji ya kawo abinci da ruwa da itace da sutura, idan ya gaza kuwa tana da bakin cewa ita ma ba za ta zauna ba. Ta kuma nuna cewa kulle ya ƙara yaɗuwa ne a karkara a ƙarni na ashirin, don haka kuskure ne a ɗauke shi a matsayin abin da aka gada kaka da kakanni ba tare da canji ba. A 1996 ta shiga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar BAOBAB, wadda ta taimaka wajen ɗaukaka ƙarar Amina Lawal har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Katsina ta sallame ta a watan Satumba na 2003. Hujjojin da aka yi nasara da su daga cikin fiƙihun Malikiyya aka ciro su, wanda ke nuna amfanin mai bincike ya san al'ummarsa daga ciki.

Hauwa Mahdi kuma ta kammala nata a Jami'ar Gothenburg ta ƙasar Suwidin a 2006, a kan matsayin siyasa na matan Hausawa daga zamanin Daular Usmaniyya zuwa mulkin Turawa. Akwai wasu da dama da ba za a tsaya a kansu ba, kamar Beverly Mack a kan waƙoƙin mata (1981), da Catherine Coles a kan matan Kaduna (1983), da Barbara Cooper a kan aure a Maraɗi (1997), da Novian Whitsitt a kan littattafan Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa (2000).

Wadda ta fi daɗewa tana bincike a Birnin Zazzau kansa ita ce Elisha Renne, tun daga tsakiyar shekarun 1990. Ta yi rubutu a kan ra'ayin mutanen birni game da tsarin iyali, da rigakafin shan-inna (2010), da kuma lulluɓi da rawani (2018), inda ta danganta yaɗuwar hijabi da buɗe makarantun Islamiyya na matan aure bayan kafuwar ƙungiyar Izala a 1978. Hijabin da wasu ke gani a matsayin ƙarin tsaro shi ne kuma ya ba matan aure damar fita neman ilimi. Ita ce kuma ta nuna yadda matan birni suka shiga ɗinkin hannu na manyan riguna, aikin da a da na maza ne.

2.5 'YAN DAUDU DA SALON MAGANA

Wannan shi ne ɓangaren da manazarta 'yan gida suka fi kauce wa, saboda kunya da kuma tsoron abin da za a ce. Amma nazarin abu daban, yarda da shi daban, kuma likita ba ya ƙin duba ciwo don yana ƙyamarsa. 'Yan daudu sun fito a aikin Pittin a matsayin masu dafa abincin sayarwa da masu shiga tsakani a gidajen mata, sun kuma fito a littafin Fremont Besmer a kan bori (1983). Gerald Kleis da Salisu Abdullahi sun yi maƙala a kansu a 1983.

Cikakken aiki a kansu shi ne na Rudolf Gaudio, wanda ya yi zaman bincike a Kano a 1993 zuwa 1994, ya sami digiri na uku a fannin kimiyyar harshe a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1996, ya kuma faɗaɗa kundin ya zama littafi a 2009. Gaudio ya ɗauki hirarraki a rikoda ya yi musu nazarin ƙwaƙƙwafi. Ya nuna yadda 'yan daudu suke kiran juna da "ke" da sunayen mata a tsakaninsu, su koma "kai" idan baƙo ya shigo, da yadda suka gwanance a habaici da karin magana, waɗanda Bahaushe ke ɗauka a matsayin makaman kishiyoyi. Wato jinsin al'ada abu ne da ake aikatawa da baki da hannu da tafiya, ana iya ɗaukarsa a ajiye gwargwadon wurin da ake.

Babban abin da ya jawo hankali a kai shi ne kuskuren fassara. Yawancin waɗanda ya zauna da su suna ɗaukar kansu maza ne kuma Musulmi, da yawansu suna da mata da 'ya'ya ko suna da burin yin aure, wasu sun je aikin hajji. Daudanci a wurinsu ya haɗa sana'a da salon zama, kuma kalmar ba daidai take da luwaɗi ba, ko da yake jama'a sukan haɗa su. Saboda haka sunayen da ake amfani da su a Turai da Amurka, inda mutum ke ɗaukar sha'awarsa a matsayin asalinsa da yake shelantawa, ba su dace da su ba. Rauninsa kuwa shi ne na kowane baƙo: ya ga waɗanda suka yarda su yi hira da Bature ne, kuma kusan duk aikin a Kano aka yi shi. Littafin na 2009 ya kuma ba da labarin yadda aka rufe gidajen mata da yawa bayan ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000, har wasu suka yi ƙaura.

2.6 HALIN DA MAI BINCIKE YAKE CIKI

Ɗalibin digiri na uku a Samaru yakan fara da kare tsarin bincikensa a gaban malaman sashe, ya gabatar da sakamako a tarukan ƙara wa juna sani, sannan ya kare kundin a gaban mai jarrabawa na waje. A kowane mataki batu irin na 2.5 yana iya cin karo da tambayar ko ya dace a yi shi. Ga kuma tsaikon yajin aikin malaman jami'o'i, kamar na 2020 wanda ya ɗauki kimanin wata tara da na 2022 wanda ya ɗauki wata takwas, alhali binciken zama cikin mutane ba ya son yankewa.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne amincin waɗanda ake hira da su. A watan Janairu na 2014 aka sa hannu a dokar tarayya da ta haramta auren jinsi ɗaya, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren, da shekara 10 ga masu kafa ƙungiya ko mara mata baya. A watan Afrilu na 2017 'yan sanda sun kama mutum 53 a Zariya, aka gurfanar da su a kotu bisa zargin halartar irin wannan biki, zargin da suka musanta. Ko mene ne ra'ayin mai bincike a kan dokar, kaset ɗin hira ko littafin da ya rubuta sunaye a ciki yana iya zama shaida a kan wanda ya amince masa. Haka abin yake ga bazawarar da ta faɗi dalilin mutuwar aurenta, ko ɗalibar da ta faɗi abin da wani malami ya nema a wurinta. Sauya suna kawai ba ya wadatarwa a unguwar da kowa ya san kowa, sai an sauya sana'a da layi da duk wata alama.

Sai kuma batun harshe. Duk kundayen da aka ambata a sama da Ingilishi aka rubuta su, akasarinsu kuma a jami'o'in waje aka ajiye su. Matan da aka yi hira da su da Hausa, da jikokinsu, ba su da hanyar karanta abin da aka ce sun ce, balle su gyara.

2.7 SABON GARI

Idan aka jera wuraren da aka yi waɗannan ayyuka za a ga Giwa, da ƙauyukan Norman uku, da asibiti, da Birnin Zazzau, da Katsina, da Kano. Samaru ta ba da masu bincike da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da zauren taro. Sabon Gari kuwa, inda jirgin ƙasa ke sauke baƙo, hanya ce kawai da suka ratsa zuwa inda suke ganin "ainihin" Hausawa suke. Wannan zaɓi yana da dalili, domin mai neman al'ada tsantsa zai guje wa wurin da aka cakuɗa. To amma tambayar yadda mutum yake zama Bahaushe, ko yadda mace take sake matsayinta, a wurin cakuɗa ne ta fi fitowa fili.

Sabon Garin Zariya ya tashi ne da zuwan jirgin ƙasa wajen 1911, ya tara ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa Yarabawa da Ibo da Nufawa da mutanen Gana da Saliyo, da kuma Hausawa baƙi waɗanda ba su da gida a birni. Kafa barikin horar da sojoji a 1924 ya ƙara yawan maza marasa iyali, wanda ya jawo masu sayar da abinci da gidajen haya. Dokar zaure da ta tsayar da Smith ba ta aiki a gidan haya mai ɗaki goma, inda iyalai masu harsuna daban-daban suke tarayya a rijiya ɗaya da madafa ɗaya.

Rayuwar Hajiya Gambo Sawaba ta isa misali. An haife ta a 1933, mahaifinta mutumin Gana ne da ya zo aikin reluwe, mahaifiyarta Banufiya ce, amma tarihi ya san ta a matsayin muryar matan Hausawa, da Hausa kuma ta yi siyasarta. An yi mata aure tana da shekara 13, ta shiga jam'iyyar NEPU tun tana matashiya, ta shugabanci ɓangaren mata, an ɗaure ta sau da dama saboda neman a ba matan Arewa damar jefa ƙuri'a, abin da bai samu ba sai 1976. Ta rasu a 2001, kuma babban asibitin Ƙofar Gayan yana ɗauke da sunanta. Rabon aure gida uku na Smith ba shi da gurbin da zai sa ta, haka ma ma'aunin Barkow. Abokan hamayya sun riƙa jifan matan da suka fito siyasa a zamaninta da kalmar karuwa, wanda ke nuna cewa kalmar makami ce da ake amfani da ita a kan duk macen da ta fito fili, ba bayanin sana'a kaɗai ba. Rima Shawulu ya rubuta tarihinta a 1990, sai dai tarihin gwagwarmayar siyasa ne, bai tsaya a kan unguwar da ta haifar da irinta ba. Babi na uku zai ɗauki kalmomin matsayi da aka kawo a 2.1 ya duba yadda mazauna Muciya da Cikaji da Samaru suke amfani da su a bakinsu na yau da kullum.